Neman Kayan Gyaran Tsohon Injin Jirgin Ruwa

A garuruwan bakin kogin Kwara, kamar Yawuri da Warra, injin jirgi shi ne jarin mai jirgi. Da shi ake kai mutane kasuwa, da shi ake ɗauko kifi daga tafkin Kainji. Idan injin ya tsaya kwana goma, gida ya shiga matsi. Idan kuwa ya mutu a tsakiyar ruwa lokacin cika, to rayuka ne a cikin haɗari.

Yawancin injinan nan sun tsufa. Abin da ke ba masu su wahala shi ne samun kayan gyara daidai da injin. Sau da yawa mutum zai biya kuɗin mota ya je birni, ya sayo abu, ya dawo ya tarar bai shiga ba.

Maganin wannan shi ne lambar injin. Kowane inji yana da ɗan ƙaramin allo a jikin ƙarfen da ake ɗaure shi da jirgi. A nan aka rubuta sunan samfurinsa da lambarsa. Bai isa mutum ya ce injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40 ba, domin akwai E40G, akwai E40J, akwai kuma E40X, kuma ba dukkan kayansu ne ke shiga juna ba. Sai a kwafe lambar a takarda, harafi bayan harafi, ko a ɗauki hotonta da waya. In allon ya goge, a tafi da abin da ya lalace a hannu, a gwada shi da sabon a gaban mai shago. A ƙirga ramukan ƙusa, a ƙirga haƙoran giya.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Wasu tsofaffin injinan Mariner, kamfanin Yamaha ne ya ƙera su a Japan, saboda haka kayan Yamaha na shiga da yawa daga cikinsu. Wasu injinan ƙasar Sin ma kwaikwayon Yamaha ne. Masu Evinrude ne ke shan wuya, domin an daina ƙera shi a shekarar 2020. Mai irin wannan inji, idan ya ga wani ya mutu ana sayarwa da araha, gara ya saya ya ajiye, ya riƙa ciro kaya daga jikinsa.

Kayan da ke kasuwa iri uku ne: sabo na asali, da na gwanjo wanda aka ciro daga wani inji, da kuma na jabu. Na gwanjo yana da kyau idan ƙarfe ne mai kauri, kamar farfela, ko murfi, ko gidan giya, muddin babu tsaga. Amma roba da gasket da filogi, kada a saye su tsofaffi. Na jabu kuwa kwalinsa na sheƙi, kuɗinsa kaɗan, amma ba ya daɗewa. A karɓi rasit, kuma a yi magana da mai shago tun farko cewa za a dawo da kaya in bai shiga ba.

Abin da ya fi kashe inji shi ne ƙaramar robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa cikin injin don ya huce. Yashi na cinye ta. Idan matuƙi ya ga ruwan da ke tsartuwa a bayan inji ya ragu ko ya ɗauke, ya kashe injin nan take. In ya ci gaba da tafiya, injin zai yi zafi, fistan ya kama, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na babba. Haka kuma idan man giya ya koma fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, sai a canza robar da ke toshe shi tun giya bai lalace ba.

Yawancin injinan nan ana haɗa musu fetur da baƙin mai na musamman. Ma'aunin da aka saba shi ne rabin lita na mai a cikin lita 25 ta fetur. Wanda ya rage mai don tsimi, fistan da ringi zai saya.

Tun da birni na da nisa, masu jirage na gari ɗaya na iya haɗa kuɗi su aiki mutum ɗaya tare da makanike, kowa da takardar lambarsa. A cikin jirgi kuma, kada a rasa filogi biyu, da igiyar tayar da inji, da sifana, da filafili.