Manga Da Majalisar Ƙaramar Hukumar Zuru: "An Ce" Ba Ta Gina Kwalbati

Duk wanda ya zauna da mutanen karkara a ƙasar nan zai lura da wani abin mamaki. Manomin Manga mai rataye da rediyo a kafaɗa zai iya ba ka labarin muhawarar da aka tafka jiya a Majalisar Dattawa a Abuja, ya kuma zayyana maka rikicin Gabas ta Tsakiya dalla-dalla. Amma ka tambaye shi yaushe kansilolin ƙaramar hukumarsa suka yi zamansu na ƙarshe, da abin da suka zartar game da mazaɓarsa, sai amsarsa ta fara da "an ce". Gwamnatin da ta fi kowace kusa da shi ita ce wadda ya fi ƙarancin samun labarinta. A matsayina na malamin kimiyyar harshe, ina ganin wannan matsala tana da jijiya a cikin harshe, kuma ta nan ne za a fi saurin samo mata magani.

Bari mu fara da sanin wurin da ake magana a kansa. Manga/Ushe ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Zuru, tare da irin su Rikoto da Rafin Zuru da Senchi da Tadurga da Bedi. Ita kuwa Zuru ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 21 na Jihar Kebbi, wadda aka ɓalle daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ita da Danko/Wasagu da Fakai da Sakaba su ne suka haɗu suka zama masarautar Zuru. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 165,547 a ƙaramar hukumar, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 653. Tun daga wannan shekara ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba, sai dai ido ya isa shaida cewa an ƙaru. Kafa Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona a Zuru a shekarar 2020 ya jawo ɗalibai da ma'aikata da masu neman gidan haya, sannan rashin tsaron da ya addabi sassan Danko/Wasagu da Sakaba ya koro iyalai da dama zuwa garin Zuru da kewayensa. A ƙaramar hukuma mai ƙaramin fili irin wannan, duk cunkoson da ya sami hedikwata sai ya taɓa Manga, ta fuskar farashin fili da yawan yara a aji da layin masu jiran magani.

To, wa ke da alhakin waɗannan abubuwa? Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Bugu da ƙari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba, alhali gwamna ne ke da ikon ayyana wani yanki a matsayin birni, kuma da zarar ya yi haka, ikon filayen wurin ya koma hannunsa. Mai karatu ya duba da kyau: manomi zai iya kwana da gonar gado a ƙarƙashin wata hukuma, ya wayi gari tana ƙarƙashin wata, ta hanyar sanarwar da aka rubuta da harshen da bai iya karantawa ba. A ƙasar da gari ke cinye gonaki, rashin jin irin wannan labari a kan lokaci yana iya raba mutum da abin da kakanninsa suka bar masa.

Sai batun kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ke fitowa daga Asusun Tarayya. Shekara da shekaru kuɗin suna bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanada, kuma kowa ya san koke-koken da suka biyo bayan haka. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai suka cancanci karɓa, ban da kantomomi da kwamitocin riƙo. A watan Agusta na wannan shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kebbi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, har ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta shafe shekarar 2025 tana kuka a kai. Amma ko da an aiwatar da shi ɗari bisa ɗari, tambayata tana nan: idan kuɗin suka tashi daga Abuja suka sauka a sakatariya ba tare da mutumin Manga ya san nawa ne suka zo ba, me ya canja gare shi in ban da hannun da ke riƙe da lalitar?

A nan ne harshe ya shigo. Hausa tana da wani ɗan ƙaramin wakilin suna da ke ɓoye mai aikata aiki, wato "an" da 'yan'uwansa "ana" da "aka" da "za a". Kalma ce ta ladabi, da ita muke kauce wa nuna mutum da yatsa, kuma a zaman tare tana da amfani ƙwarai. Sai dai a harkar dukiyar jama'a ita ce mafakar kowa. "An ce za a gyara hanya." "An ba da kwangila." "An cinye kuɗin." A cikin jumlolin nan uku babu sunan mutum, babu adadi, babu rana. Wanda ya ci amana yana fakewa a cikinsu, haka kuma kansilan da ya yi iya ƙoƙarinsa ana shafa masa kashin kaji da su, domin jita-jita ba ta bambanta mai gaskiya da maƙaryaci.

Akwai kuma matakai biyar da kowane aikin hukuma ke bi, waɗanda bakin jama'a ke dunƙule su su zama ɗaya. Majalisa ta amince da aiki, wannan mataki ne. An sa masa kuɗi a kasafin shekara, mataki na biyu. Ma'aji ya saki kuɗin, na uku. An damƙa wa ɗan kwangila, na huɗu. An kammala an duba an karɓa, na biyar. Aiki yana iya mutuwa a kowane ɗaya daga cikinsu, kuma wanda za a tuhuma a kowane mataki daban ne. Amma kafin labari ya isa ƙauye duk sun koma "an ba mu rijiyar burtsatse". Idan shekara ta zagayo babu rijiya, jama'a ba su san ƙofar da za su buga ba, sai su tsine wa kowa baki ɗaya su koma gona.

A Manga tafiyar labarin ta fi haka tsawo, domin zango uku take yi. Takardun hukuma da Turanci ake rubuta su. Kansila ko wani ma'aikaci ya fassara da baki zuwa Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da hulɗa a duk faɗin masarautar. Daga nan wani ya mayar da shi C'lela, harshen Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, saboda tsofaffi da matan da a cikinsa suka fi sakin jiki su yi tambaya. Duk mai nazarin fassara ya san abin da ke fara zubewa a irin wannan tafiya: alƙaluma da ranaku da sharuɗɗa. Abin da ke isa ƙarshen hanya shi ne alkawari tsirara. Mata kuwa, waɗanda su ne ke ɗibar ruwa da kai yara ɗakin shan magani, su ne na ƙarshe a wannan layi.

Kafafen watsa labarai na ƙasa ba za su cike wannan giɓi ba, domin ba su cika leƙowa ba sai an yi ta'asa. Da 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandare ta Maga, a ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, ranar 17 ga Nuwamba, 2025, duniya duka ta ji sunan yankin. Harafi ɗaya ne ya raba Maga da Manga, kuma ga wanda ke karanta labari daga nesa duk ɗaya ne. Amma kwalbatin da ruwa ya cinye, ko rabon takin da ya zo bayan an gama huɗa, ba labari ba ne a Abuja, ko da yake su ne ke yanke hukuncin abin da iyali zai ci a shekara.

Wani zai ce ai haka abin yake tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A zamanin En'e da Hausa ake gudanar da yawancin harkokin mulkin ƙasa a Arewa, kuma Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna da Hausa da Turanci take muhawara. An kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, sannan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna domin waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci, irin su Zaruma ta Sakkwato da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Bazazzagiya ta Zazzau. Da injin buga takarda na wancan zamani aka yi wannan. Yau da kusan kowane gida ke da wayar hannu, ba mu da uzuri. Doka ma ba ta hana ba, domin sashe na 97 na Tsarin Mulki ya yarje wa majalisar dokokin jiha ta yi aiki da wani harshe na jihar bayan Turanci idan ta amince da haka. Abin da aka halatta wa Birnin Kebbi, ina dalilin da zai sa ya gagari Zuru?

Amfanin bayyana alƙaluma kuwa an gwada an gani. A ƙasar Yuganda bincike ya nuna cewa a shekarar 1995 kusan kashi 20 cikin ɗari kawai na kuɗin tallafin da gwamnati ke aika wa makarantun firamare ke isa gare su. Gwamnati ta fara buga abin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu, ta kuma umarci makarantu su manna nasu a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. A nan gida, tun 2004 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya, ƙarƙashin Dokta Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga kason kowace jiha da ƙaramar hukuma a jaridu duk wata. Mataki ne mai kyau, sai dai da Turanci aka yi shi, a jaridun da ba su cika ƙetare manyan birane ba, don haka ya tsaya a hannun 'yan boko.

Ga shawarwarina, kuma babu wadda take buƙatar sabuwar doka ko maƙudan kuɗi. Na farko, majalisar ƙaramar hukuma ta riƙa fitar da takarda mai shafi ɗaya duk wata, da Hausa da C'lela, mai ɗauke da abin da ya shigo daga Abuja da abin da aka tara a kasuwa da tasha, da abin da ya tafi albashi, da ayyukan kowace mazaɓa. A manna ta a sakatariya da ƙofar hakimi da makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Na biyu, a haramta "an" a cikin wannan takarda: kowane aiki a faɗi sunan wanda ya karɓa, da kuɗinsa, da matakin da yake a cikin biyar ɗin nan, da ranar da ya kamata ya ƙare. Na uku, kansilan Manga/Ushe, da takwarorinsa tara, su riƙa kiran taron mazaɓa duk bayan wata uku, a lokacin da mata za su iya halarta, a karanta takardar da babbar murya a amsa tambayoyi. Na huɗu, a yi amfani da hanyoyin da jama'a suka riga suka amince da su: mai shela ranar kasuwa, sanarwa bayan sallar Juma'a da bayan sujadar Lahadi, da saƙon murya na WhatsApp wanda marar karatu ma zai saurara. Na biyar, duk wata sanarwa da ta shafi fili a ba ta isasshen lokaci a cikin harsunan nan biyu kafin a kafa turke ko ɗaya.

Nauyin bai tsaya ga masu mulki kaɗai ba. Ƙasar Zuru ta yi suna wajen fitar da sojoji da malamai da ma'aikata, kuma ƙungiyoyin ci gaban garuruwa suna da 'ya'yan da za su iya karanta kasafin kuɗi su fassara shi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardar hukuma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa, sannan a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Mu kuma masu nazarin harshe, aikinmu ne mu zauna da dattawan Lelna mu daidaita kalmomin kasafi da kwangila da haraji a C'lela, domin harshen da ba a tattauna kuɗin jama'a da shi a hankali yake komawa na waƙa da bikin Uhola kawai, matasa kuma su ɗauka ba shi da amfani a wajen gida.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Manga sun san hanyar da ke yankewa da damina, sun san ajin da rufinsa ya yaye. Abin da ya rage su sani shi ne nawa aka ware, a hannun wa yake, kuma yaushe za a gama. Shugaban da ya fara gaya musu haka cikin harshensu ya rage wa kansa zargi, ya kuma bar abin koyi ga sauran ƙananan hukumomi 20 na jihar. Allah Ya ba su ikon farawa.