Dokar da ba a rubuta ba a Akokan

Akokan gari ne da aiki ya kafa, kusa da Arlit. A shekarar 1974 aka kafa kamfanin Cominak. A 1978 ya soma fitar da ƙarfen uraniyom daga ƙarƙashin ƙasa. Sai mutane suka yi ta zuwa neman aiki daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da Agadas. Hausawa, Abzinawa, Zabarmawa, Fulani da Barebari suka zama maƙwabta.

Kamfani yana da dokokinsa a takarda: lokacin shiga rami, hular kwano, ranar biya. Amma akwai wata doka da ba ta cikin takarda, kuma kowa ya san ta. Ita ce: mai albashi ba ya rufe wa ɗan garinsu ƙofa.

Ga yadda abin yake. Saurayi ya sauka a tasha, ba shi da kowa. Sai ya tambayi gidan wani ɗan garinsu. Ya yi sallama, a ba shi ruwa, a shimfiɗa masa tabarma. Ba a tambayarsa ranar komawa. Uwargida ta ƙara tsaba a tukunya. Shi kuma baƙo ya san nasa: ya yi aike, ya ɗebo ruwa, ya dafa shayi. Ran da ya samu aiki, sai ya nemi ɗakinsa. In an yi haihuwa ko rasuwa, ƴan gari ɗaya su tara gudummawa.

Jandarma ba ya kama wanda ya ƙi. To, don me ake bin wannan doka?

Na farko, kunya. Labari yana bin mota har gida. Wanda ya kori baƙo a Akokan, tsofaffinsa za su ji a ƙauye.

Na biyu, biki. Mai masaukin yau, shi ma jiya wani ya sauke shi. Zaman duniya cuɗe ni in cuɗe ka ne.

Na uku, nisa. Daga Arlit zuwa Agadas ma ya fi kilomita 200. A nan ba gonar gado, ba rumbun uba. Ranar ciwo, maƙwabci shi ne dangi.

Na huɗu, addini ya yi horo da girmama baƙo.

Amma dokar tana da nauyi. Albashi ɗaya yakan ciyar da gida biyu ko uku. Wani maigida ya ci bashi don kada a ce masa marowaci, wata uwargida ta yi shiru alhali ta gaji.

Ran 31 ga watan Maris na 2021, Cominak ya rufe. Ma'aikatansa wajen 600 suka bar aiki, ban da na ƴan kwangila. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka zauna. Masu sauke baƙi jiya, yau wasunsu su ne masu neman mai sauke su.

A nan ne ake gane ko biki ne ko asara. Wanda aka sauke a Akokan, yanzu lokacin ramawa ya zo. Baƙo kuma ya dubi ƙarfin mai masaukinsa, kada ya mai da tabarmar aro gado. Alheri gadon barci ne.