Batirin da zai riƙe wa Kunci wutar dare

Rana ba ta yi wa ƙasar Kunci rowa ba. Daga Shuwaki zuwa Matan Fada, mai hali ya ɗora faifan sola a kan kwanon gidansa, kuma daga hantsi zuwa la'asar wutar kan yi yawa har ta rasa mai sha. Wahalar tana farawa ne bayan magariba, lokacin da tela ke son ƙarasa ɗinki, ungozoma ke neman haske a ɗakin haihuwa. Faifan ya daina aiki, wutar Nepa kuwa sai ta ga dama take isa ƙauyukan da ke ƙarshen layi.

Dalilin yana cikin halin lantarki. Ba ta zama wuri guda: yadda aka samar da ita, haka za a sha ta a wannan daƙiƙar. Idan masu ja suka fi abin da tashoshi ke bayarwa, bugun layin ƙasa, wanda ya kamata ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa, sai ya yi ƙasa, injuna su kashe kansu don kada su ƙone, a wayi gari ana cewa babban layi ya faɗi. Babban batir rumbu ne na wuta: a zuba da rana lokacin yalwa, a ɗiba da dare. Ba ya haifar da ko ɗigo, hasali ma yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ba shi ajiya. Lamba biyu ake auna shi da su. Megawat na nuna ƙarfin da zai iya saki a lokaci guda, megawat-awa kuma yawan abin da ke ciki. Batir mai megawat-awa 4 zai ba da megawat ɗaya na tsawon awa 4, sannan ya ƙare. Duk wanda ya faɗi lamba ta farko ya ɓoye ta biyu, bai gaya maka komai ba.

Abin ba tatsuniyar Turai ba ne. A Satumbar 2019 aka ƙaddamar da tashar sola a Jami'ar Bayero ta Kano, ƙarƙashin Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da batura masu ɗaukar kimanin megawat-awa 8. A Zawaciki da ke ƙaramar hukumar Kumbotso kuma an kafa tashar unguwa mai sola da batir wadda aka jona da layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO: in akwai wutar layi a sha, in an ɗauke ta tashar ta riƙe unguwar. Wannan samfurin ne, a ganina, ya fi dacewa da Kunci, fiye da ƙaton batirin Hornsdale mai megawat 100 da Tesla ya kafa a kudancin Ostareliya a 2017 don daidaita bugun layin jiha guda. Wanda ya ga Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya katse, Arewa ta kwashe kwana da kwanaki cikin duhu, ya san amfanin ajiyar da ke kusa da gida. Farashin batirin litiyam ya sauka da kusan kashi 90 cikin ɗari tun 2010, man janareto kuwa tashi ya yi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Sai dai batir yana gudun zafi, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40. Kowane mai cajin waya a kasuwa ya taɓa riƙe wayar da batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Dubban irin waɗannan ƙwayoyi ne ake jerawa cikin kwantena, don haka dole a sa musu na'urar sanyaya, a riƙa share mata ƙurar hunturu. Idan ƙwaya guda ta ɗau zafi fiye da kima, tana iya kunna maƙwabciyarta, wutar ta yi ta bi, kuma ba irin wadda ake kashewa da bokitin ruwa ba ce. A Janairun 2025 tashar Moss Landing a Kalifoniya ta Amurka ta kama da wuta, aka kwashe mutum fiye da dubu daga gidajensu saboda hayaƙi. Akwai nau'in litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet wanda bai cika kamawa ba, shi ne ya kamata a nace a kawo. A kuma nisanta kwantenar daga gidaje da rumbuna da tarin kara, a bar hanyar da motar kashe gobara za ta shiga.

Maganar fili ma ba ƙarama ba ce a ƙasar da gona ke jingine da gona, gado ya yanka ta ƙanana. Batirin kansa bai fi 'yan kwantenoni ba, amma faifan da zai cika shi na cin kusan hekta 2 a kowane megawat. Gero da gyaɗar wani ne za su tashi, kuma diyyar da aka biya sau ɗaya ba ta daɗewa a hannun manomi. Haya ta shekara-shekara ta fi adalci.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da batirin zai tsufa. Bayan shekara 10 zuwa 15 ƙarfinsa zai ragu, dole a sauya shi, kuma ƙauyukanmu cike suke da fitilun titi na sola da suka mutu saboda ba wanda ya tanadi kuɗin sabon batir. Kwan fitila da cajin waya kaɗai ba za su tara wannan kuɗi ba. Masu injin niƙa, masu walda, masu ƙanƙara da manoman rani na bakin madatsar Gari su ne za su riƙe tashar, domin suna shan wuta da rana, kai tsaye daga faifai, ba tare da gajiyar da batir ba. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka Kano na da hurumin sa wannan sharaɗi: kafin hakimi da dagatai su sa hannu a kan fili, a rubuta a takarda nawa ne kuɗin kilowat-awa, wane asusu za a riƙa zuba kuɗin sauyin batir, kuma wa zai kwashe tsohon idan ya mutu.