Kwaɗon da Ke Cikin Wayarka

 

Wa ya tuna zaurance? Muna yara, in ba ma son manya su gane zancenmu, sai mu juya kalma, "tuwo" ya koma "wotu". Wanda ya san dabarar ya ji, wanda bai sani ba ya yi ta kallonmu. To, tushen ilimin ɓoye saƙo ke nan: ga saƙo, ga dabarar hargitsa shi, ga kuma mabuɗin warware shi.

Sai dai zaurance ba ya daɗewa a gaban mai kunne. Tun ƙarni na 9, malam Al-Kindi na Bagadaza ya nuna cewa in aka ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa a rubutun sirri, ana iya kwance shi. Shi ya sa na'urorin yau suka koma ga lissafi mai zurfi, irin tsarin AES da Amurka ta amince da shi a 2001. Da shi yawancin wayoyin zamani ke hargitsa abin da ke cikinsu, hotuna ne ko saƙonni ko bayanan banki. Ko ɓarawo ya farke wayar ya ciro ma'ajiyarta, shirme kawai zai tarar.

Amma ku zo mu leƙa rumfar caji ranar kasuwar Gummi. Janareta na ruri, wayoyi jere a kan katako. Wani ya miƙa tasa ko kulle babu. Wani lambar sirrinsa 1234. Na taɓa ganin wanda ya rubuta lambar a 'yar takarda, ya cusa bayan murfin wayar tare da katin ATM. Abin ya dame ni ƙwarai, don kwaɗon ba shi da laifi, mabuɗin aka bari a jikinsa.

Ga kuma katin memori. Galibi kullen waya bai shafe shi ba. Duk wanda ya zare shi ya sa a wata waya zai ga komai, har hotunan iyali.

Masu kwamfuta kuma, in kun kulle ta da BitLocker, ku rubuta mabuɗin ceto ku adana a gida. In ya ɓace kuka kuma manta lambar sirrin, babu mai gyaran da zai dawo muku da bayananku.

Don Allah, malam, hajiya, yau ɗin nan a sa wa waya lamba shida ko fiye, wadda ba shekarar haihuwa ba. Kafin a kai ta gyara kuma, a zare memori a sa aljihu.