Amfilifayar Jita Mai Bawul: A Gyara Ta Ko A Sauya Ta?

Duk wanda ya yi wayo a zamanin da akwatin rediyo yake kusan girman adaka, zai tuna cewa in an murɗa shi ba ya magana nan take, sai an dakata wasu 'yan kwalabe da ke cikinsa sun yi ja kamar garwashi, sa'an nan murya ta taso sannu a hankali. Waɗannan kwalabe su ake kira bawul. Fleming ne ya ƙago na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest kuma ya inganta shi a Amurka a 1906, har ya zama yana karɓar sauti mai rauni ya ƙarfafa shi. Tun da aka gano tiransisto a 1947 bawul yake ja da baya, ya bar rediyo, ya bar talabijin, amma har yau makaɗan jita sun ƙi rabuwa da shi, kuma suna da hujja. In aka matsa wa tiransisto fiye da iyawarsa, yakan datse sautin kwatsam ya fid da ƙara mai kartar kunne, alhali shi bawul lanƙwasa sautin yake yi a hankali, ya ba shi kauri da garɗi, ta yadda in makaɗi ya shafi tsirkiya a tausashe amo zai fito garau, in ya dake ta kuwa sai ya yi gurnani.

Mas'alar da ke gabanmu ita ce ta mutumin da ya mallaki irin wannan amfilifaya, muryarta ta daina gamsar da shi, zuciyarsa tana raya masa ya sayar ya sayi wata. Ina ganin kafin ya yanke hukunci ya dace ya san labarin Jim Marshall, wani makaɗin ganga mai kantin kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta birnin Landan, wanda a 1962 shi da abokan aikinsa suka kwaikwayi tsarin Bassman, amfilifayar kamfanin Leo Fender na Amurka, saboda ta yi wa samarin Ingila tsada. Tsarin wayoyin kusan ɗaya ne, sai dai sun saɓa a wurare ƙalilan, daga ciki har da biyu da kowa zai iya fahimta: bawul na farko, inda Fender ya sa 12AY7 su kuma suka sa 12AX7, da kuma lasifika, inda maimakon huɗu masu inci 10 a akwati mai buɗaɗɗen baya, suka koma ga na kamfanin Celestion masu inci 12 a rufaffen akwati. Abin da ya fito, wato JTM45, muryarsa ta bambanta da ta asalinsa har aka ɗauke ta mazhaba mai zaman kanta. Idan sauyi kaɗan irin wannan ya isa ya haifi sabuwar murya, to la'alla abin da mai neman canji yake nema yana nan cikin akwatin da ke ɗakinsa.

Mafi sauƙin tajriba shi ne ƙaramin bawul na farko, wanda sautin jita ke fara shiga, domin zare shi ake yi da hannu bayan an kashe wuta ya huce, a soka wani a gurbinsa. Ƙarfin ninkawar 12AX7 ya kai 100, na 5751 kimanin 70, na 12AY7 kuwa wajen 40, saboda haka wanda amfilifayarsa ke saurin yin gurnani tun bai murɗa ta sosai ba, sai ya sauka zuwa mai ƙaramar lamba. Amma a ra'ayina lasifika ta fi komai tasiri, gama ita ce maƙogwaron da sauti ke fita ta cikinsa, kuma sau da yawa a nan kamfanoni ke rage kuɗi. Sharaɗinta guda ne, kuma wajibi: adadin om ɗinta, ko 4 ko 8 ko 16, ya dace da wanda aka rubuta a bayan amfilifaya. Kada kuma a kunna amfilifayar bawul faufau ba lasifika a jone, don yin haka na iya ƙone taransifomar da ke fid da sauti, wadda tana cikin mafi tsadar kayanta.

Manyan bawul su ne ke tsufa da aiki, alamarsu kuwa dusashewar amo da raguwar ƙarfi. Ma'abota wannan fanni suna jingina 6L6 da 6V6 ga muryar Amurka, EL34 da EL84 ga ta Ingila, amma ba a musanya jinsi da jinsi da ka. Ana sayen su ne a haɗe, waɗanda aka auna suka yi daidai da juna, kuma a yawancin manyan amfilifayoyi sai masani ya daidaita wutar da ke bi ta cikinsu. Masana'antunsu sun yi ƙaranci, galibi a Sulobakiya da Rasha da Sin, shi ya sa suka yi wuya da tsada a 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke.

Akwai fa halin da sauyawa ita ce daidai, kuma galibi zuwa ƙarama ne, domin bawul ba ya ba da zaƙinsa sai an matsa masa. Amfilifayar Twin Reverb mai wat 85 ba za ta yi gurnani ba sai ta kusa kurumtar da mutanen gida, ita kuwa Deluxe Reverb mai wat 22, ko Champ mai wat 5, tana kaiwa nan a ƙarar da ba ta kai haka ba. Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi wa kunne, sai an ninka kamar sau goma ake jin ƙarar ta ninku.

Mai saye a Nijeriya ko Nijar ya duba bayan akwatin da kyau, domin wadda aka ƙera don kasuwar Amurka wutar bolt 120 take ci, tamu kuwa ta haura 200, sai da taransifoma mai rage wuta, ga kuma hawa da saukar wutar janareta da ke gajarta ran bawul in ba sitabilaiza. Abin da na fi jin tsoro ga mai karatu shi ne buɗe cikinta: wutar da ke ciki takan kai bolt 400 zuwa 500, kuma akwai kafasita masu riƙe ta ko bayan an zare soket, wadda ta isa ta kashe mutum. Duk aikin da ya wuce zare bawul da sauya lasifika, a kai shi ga tsohon mai gyaran rediyo wanda ya taɓa aikin bawul da hannunsa.