Su Da Kaka A Kogin Gambiya

Teku tana tura ruwa cikin Kogin Gambiya har kusan mil 300. Sau 2 kowace rana ruwan yakan cika, ya kuma janye. Da rani ruwan gishiri yakan hau har wajen Kuntaur, amma ruwan damina yakan kore shi baya. Saboda haka da kaka tarwaɗa da ƙurungu da karfasa sukan gangaro.

In ruwa ya cika, kifi yakan shiga ƙoramu neman abinci. Sa'an nan masunci ya tare bakin ƙorama da taru, da ruwa ya janye sai kifi ya faɗa ciki. Amma fa kullum cikar takan yi jinkirin wajen minti 50. Wanda bai kula da wannan ba, sai ya iske taɓo, ya koma gida hannu banza.