Ko Kun Sani? Zufa Ma Makami Ce

Ko kun san cewa zufar da ke keto muku a zafin bazara tana ɗauke da maganin ƙwayoyin cuta? A shekarar 2001 masana a Jami'ar Tubingen da ke Jamus suka gano wani sinadari a cikinta mai suna damsidin, wanda ke huda jikin bakteriya ya kashe su tun kafin su kutsa cikin jiki.

Ita kanta fatar akwai miliyoyin ƙananan halittu a zaune a kanta, ido ba ya ganinsu, kuma yawancinsu ba su da illa. Wasu na cin maiƙon da fata ke fitarwa, su mayar da shi sinadari mai ɗan tsami da miyagun ƙwayoyi ba sa so. Wasu kuma sukan mamaye wurin, baƙo ya zo ya rasa masauki.

Matsala tana tasowa ne idan wannan daidaito ya lalace. Ƙwayar Malasiziya tana kan fatar kusan kowane baligi ba tare da ta dame shi ba, amma da zarar ta yi yawa sai ga amosani a kai, ko ƙyasbi a ƙirji da baya.

Wasu ɗabi'unmu ma kan lalata wannan kariya: man bilicin mai ɗauke da sinadarin sitiroyid yana siranta fata, ya raunana garkuwarta, daga nan makero da ƙuraje su samu ƙofa. Yawan dirza jiki da sabulu mai ƙarfi kuma yana rage tsamin nan da ke kare fata. A yi wanka, amma a tausaya wa fata.